Amsoshin Tambayoyinku: Maɓalli Ɗaya, Umarni Biyu

Tambayarmu ta fito ne daga wani ɗalibin kwamfuta a Zariya. Yana son sanin dalilin da ya sa tsofaffin littattafan JavaScript ke rubuta umarni iri biyu don kama danna maɓalli guda a shafin intanet.

To malam, abin ya samo asali ne daga gasar Netscape da Microsoft, lokacin da kowa ke bin tsarinsa. A shekarar 2000 ƙungiyar W3C ta tsayar da addEventListener a matsayin ƙa'ida, amma Internet Explorer, manhajar Microsoft ta buɗe shafukan intanet, ta ci gaba da attachEvent har fitowarta ta 9 a 2011. Sauran manhajojin kan nuna abin da aka danna ta hanyar target, ita kuwa ta srcElement. Idan ana so a hana fom tafiya kafin a cike shi, su sukan kira preventDefault, ita sai an mayar da returnValue ƙarya.

Dabarar ita ce kada ka dogara da sunan da manhaja ta faɗa, domin takan ɓad da kama. Ka duba ko tana da addEventListener. In babu, ka koma kan attachEvent. Wannan wahala ce jQuery, wani kundin umarnin JavaScript, ya rage wa jama'a tun 2006.

Tun da Microsoft ta yi wa Internet Explorer 11 ritaya a Yunin 2022, addEventListener ya wadatar. Sai dai ka riƙa gwada shafinka a wayar hannu, saboda taɓa allo da yatsa ya bambanta da danna linzami.