DAGA INA WUTAR LANTARKINMU TAKE ZUWA?

Abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan fili shi ne wutar lantarki. Kowa ya san ihun da yara kan yi a unguwa idan an kawo wuta, kowa kuma ya san tsakin da manya kan ja idan an ɗauke. Amma da za a tambayi yawancinmu inda ake yin wutar nan, da hanyar da take bi kafin ta iso Birnin Kudu ko Gwaram, sai ka ji an ce, "Daga NEPA mana." To, NEPA ba wuri ba ne, sunan hukuma ne, kuma ita ma hukumar ta daɗe da shuɗewa. Ga abin da na fahimta: wutar da muke sha ta aro ce, daga nesa take zuwa, kuma mu ne a ƙarshen layi.

YADDA AKE YIN WUTA

A shekarar 1831 wani masani na ƙasar Ingila mai suna Maikel Farade ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da nannaɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, sai lantarki ya gudana cikin wayar. Kusan dukkan manyan tashoshin wuta na duniya a kan wannan dabara suke aiki. Ɗan janaretan mai shago ma haka yake. Abin da ake bukata kawai shi ne wani ƙarfi da zai riƙa juya injin ba tsayawa. A wani wuri ruwa ne yake gangarowa daga madatsa ya bugi farfela. A wani wuri iskar gas ake ƙonawa, zafinta ya juya farfelar. Wasu kuma kwal suke ƙonawa su dafa ruwa, tururi ya yi aikin. Hasken rana ne kaɗai ya fita daban, domin shi faifan sola ba ya juya kome, hasken yake mayarwa lantarki kai tsaye.

Ana auna ƙarfin wuta da wat. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, wat miliyan ɗaya kuwa shi ne megawat. Idan ka kunna abin da ke shan kilowat ɗaya har tsawon awa guda, to ka sha yunit ɗaya ke nan, watau abin da mita take ƙirgawa.

TAƘAITACCEN TARIHI

A Ikko aka fara kunna wutar lantarki a Nijeriya, cikin shekarar 1896. A 1950 aka yi dokar kafa hukumar wuta ta ƙasa mai suna ECN, a 1962 kuma aka kafa hukumar madatsun kogin Kwara. Waɗannan biyu aka haɗe a 1972 suka zama NEPA. A 2005 aka sake mata suna zuwa PHCN, sa'an nan a watan Nuwamba na 2013 aka raba aikin gida uku. Akwai kamfanoni masu yin wutar, akwai kamfanin gwamnati mai suna TCN da ke dakonta a manyan wayoyi, akwai kuma kamfanoni masu rarrabawa da karɓar kuɗi, waɗanda a lokacin su goma sha ɗaya ne. Namu shi ne KEDCO, wanda ke kula da Kano da Katsina da Jigawa.

Ita kuwa Jigawa, ran 27 ga Agusta, 1991 aka cire ta daga tsohuwar Jihar Kano. Ta tashi da wayoyi da turakun da ta gada, amma ba ta gaji wata babbar tashar yin wuta ko ɗaya ba.

MANYAN TASHOSHIN ƘASA

Tashoshin ruwa mafi girma suna yankin Jihar Neja. Ta fari ita ce Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Sai da ruwa ya cinye tsohon garin Bussa aka gina wa mutane sabo kafin a sami wannan tasha. Sai Jebba a ƙasan Kainji, wadda ta soma aiki a 1985. Sai Shiroro a kan kogin Kaduna, mai megawat 600, a 1990. Ta baya-bayan nan ita ce Zungeru, ita ma a kan kogin Kaduna, mai megawat 700, wadda aka kammala a 2023.

Amma kada a ɗauka ruwa ne ke ba mu yawancin wuta. Kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar nan daga iskar gas ake samunta, tashoshin gas kuwa kusan duk a kudu suke, kusa da inda ake haƙo ta. Babbarsu ita ce Egbin ta Jihar Legas, mai megawat 1,320. Da za a haɗa ƙarfin dukkan tashoshin a takarda, zai kai wajen megawat 13,000. Amma abin da ke fitowa a yini yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, saboda ƙarancin gas, da lalacewar injuna, da raguwar ruwa da rani, da kasawar wayoyi. Wannan ɗan abin shi mutum fiye da miliyan 200 suke rabawa.

DOGUWAR TAFIYA

Dukkan tashoshin nan a babban layin ƙasa guda suke zuba wutarsu, kamar yadda ƙoramu ke zuba ruwa a kogi ɗaya. Kafin wuta ta kama hanya sai an ɗaga ƙarfin turinta zuwa bolt 330,000, domin in ba haka ba sai ta ƙare a hanya wajen zafafa waya. Daga Shiroro take shiga Mando a Kaduna, daga Mando ta nufi Kumbotso a Kano. A can ake sauke ta zuwa bolt 132,000 a turo ta Dutse. Daga nan sai a yi ta saukewa, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har taransifomar unguwa ta mayar da ita kimanin bolt 230 da ke shiga ɗakunanmu. Daga Shiroro zuwa Dutse kaɗai tafiyar ta fi kilomita 400, ba a ma zo maganar Birnin Kudu da Babaldu da Sara da Gwaram da Basirka ba.

Nisan nan yana da illa uku. Ta fari, wuta kan iso mana a gajiye, shi ya sa wani lokaci za ka ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyi da kyar. Ta biyu, idan wutar ta yi kaɗan, manyan birane da masana'antu ake fara ba, domin can ne kuɗi yake. Tun watan Afrilu na 2024 ma aka ware masu samun awa 20 a yini aka sa musu farashi mai tsada, su ake fara ƙosarwa. Ta uku, duk abin da ya sami layin a ko'ina, mu ma ya same mu.

Mun ga haka da idonmu a watan Oktoba na 2024. Ɓarayi sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, aka koma dogara da wani layin da ke tasowa daga Inugu ya bi ta Makurɗi da Jos. Ran 21 ga watan shi ma ya faɗi. Yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu na kusan kwana goma. Masu walda suka zauna, masu ƙanƙara da ruwan sanyi suka yi hasara, kuɗin niƙa ya tashi, domin man fetur ya riga ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. A asibitoci kuwa maganar ta rai ce, saboda jini da allurar rigakafi ba sa jure zafi. Ba wanda ya taɓa waya a Gwaram, amma Gwaram ta kwana cikin duhu.

ME MAƘWABTA SUKA YI?

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kano tana da madatsar Tiga wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama a 1974. Domin noman rani da ruwan sha aka yi ta, amma daga baya jihar ta ɗora mata injin wuta mai megawat 10. A watan Janairu na 2023 kuma aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso. Jami'ar Bayero ta sami tata tashar ta rana tun 2019. Katsina tana da farfelolin iska a Lambar Rimi, Gombe kuwa tana da injin megawat 40 a madatsar Daɗin Kowa. Duk ƙanana ne idan aka gwada su da Kainji, amma na gida ne.

ME MUKE DA SHI?

Mu dubi namu da idon gaskiya. Ba a haƙo gas a ƙasarmu, bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta kuwa Kaduna da Kano ya nufa. Ba mu da kwal. Kogunan yankinmu sukan cika har su yi ambaliya da damina, amma da rani sai yashi, kuma yawancin ƙasar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangaren da ruwa zai faɗo da ƙarfi. Abin da Allah ya hore mana ba iyaka shi ne rana. Ranar nan da ke korarmu gindin darbejiya a watan Afrilu, ita ce dukiyar da ƙasashen Turai suke nema ba su samu kamar tamu ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce gida yana da ƙwan fitila huɗu masu wat 10, ana kunna su awa biyar, wat-awa 200 ke nan. Fanka biyu masu wat 60 na awa takwas, 960 ke nan. A ƙara 40 na cajin waya, jimla 1,200. To, faifan sola mai wat 300, idan ya sami rana mai ƙarfi ta awa biyar, zai ba da 1,500. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar da ke salwanta a waya da batir, saura 1,200. Ashe faifai guda mai kyau zai iya riƙe ƙaramin gida.

Wannan ba sabon abu ba ne a jiharmu. Tun farkon shekarun 2000 aka gwada sola a ƙauyukan Ahoto da Guru da Wawan Rafi, aka haska makarantu da ɗakunan shan magani, aka ɗaga ruwa da ita. Yau ga burtsatse masu aiki da sola, ga fitilun titi, ga manoman rani da suka fara ajiye injin fetur suna ban ruwa da faifai.

Amma sola ma tana da nata aibi, kada a ce ban faɗa ba. Ba ta aiki da dare sai da batir, batir kuwa shi ne mai tsada, shi ne kuma mai saurin mutuwa. Ƙurar hunturu kan rufe faifai ta rage masa ƙarfi, sai an riƙa gogewa. Manyan injuna irin na casar shinkafa kuwa sun fi ƙarfin faifai biyu ko uku, sai babbar tasha. Babbar tasha kuma ba a gina ta da baki. A 2016 an sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni goma sha huɗu domin gina manyan tashoshin rana a ƙasar nan, har da wasu a Jigawa, amma shekaru suka yi ta wucewa ana jayayya kan farashi da lamuni.

Abin da ya sake fasali shi ne doka. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, a watan Yuni kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon yin wutarta, ta yi dakonta, ta sayar. Da can sai mu ce laifin Legas ne ko Abuja. Yanzu kuwa ƙofa a buɗe take, saura shiga.

KIRA GA 'YAN'UWA DA IYAYE

'Yan'uwana ɗalibai, mu daina gudun lissafi da fizis. Ko an kawo mana faifai dubu, idan ba mu da mai haɗawa da mai gyara, sai mun jira wani ya zo daga Kano, kafin ya iso batir ya mutu. Sau nawa muka ga fitilar titi ta yi shekara tana aiki, ta lalace kan ƙaramin abu, aka bar ta tsaye kamar busasshen icce? Wannan aikin namu ne, maza da mata.

Iyayenmu kuma, don Allah a bar yara su karanta kimiyya, a kuma bar masu sha'awa su koyi aikin hannu, ba ƙasƙanci ba ne. A sa ido a kan taransifomar unguwa, domin ɓarawon waya da man taransifoma ba daga sama yake faɗowa ba, kuma mai saye a hannunsa shi ma ɓarawo ne. A guji jona waya ta bayan mita, yana ƙona taransifoma, yana kashe rai. Idan masu neman ƙuri'a sun zo, a tambaye su megawat nawa za su samar mana a cikin jiha, da wurin da za a kafa, da ranar da za a gama.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya haskaka garuruwanmu da zukatanmu, amin.