Filin Shawara: "Anti, sun laƙaba mini suna More Better"

Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare, bana zan zauna WAEC. Ranar muhawara a makarantarmu na miƙe na ce *girls are more better than boys in reading*, sai zaure ya ɓarke da dariya, malamin Turanci ma ya dafe kai. Tun ranar 'yan ajinmu ba sa kirana sai da "More Better". Yanzu ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Don Allah ina kuskurena yake, kuma yaya zan yi da su?
'Yarki daga Zariya

Share hawayenki. Wadda ta iya tsayawa gaban zaure ta yi muhawara cikin harshen da ba da shi aka yi mata tawai ba, ta riga ta wuce masu zama a baya suna ƙyaƙyatawa.

Kuskurenki ɗaya ne: kin yi kwatanci sau biyu a wuri ɗaya. Kalmar *better* ita kanta tana ɗauke da ma'anar "fi". Da kika ƙara mata *more*, sai ya zama kamar mutum ya ɗora hula biyu a kai ɗaya. Cewa za ki yi *girls are better than boys*, shi ke nan.

Bari in nuna miki tushen abin, don ba ke kaɗai yake kamawa ba. Mu a Hausa aikatau "fi" ne yake ɗaukar nauyin kwatanci. Mukan ce Kano ta fi Zariya girma, kuma kalmar "girma" ba ta canza ko kaɗan. Shi ya sa Bahaushe idan ya shiga Turanci yakan bar sifa yadda take, ya ce *Kano is big than Zaria* ko *Kano is big more than Zaria*. Shi kuwa Turanci a jikin sifar yake sa alamar kwatanci, ko dai ya liƙa mata *-er* a ƙarshe, ko ya sa *more* a gabanta. Ɗaya ake ɗauka, ba a haɗa biyun, ba a kuma barin duka. Daga nan sai *than* ya biyo baya. Ki lura da rubutunsa, *than* ne da harafin a, don *then* ma'anarsa "sannan".

Wace sifa ce ke ɗaukar wanne? Ki furta kalmar, ki ƙirga gaɓoɓinta da kunne. Mai gaɓa ɗaya tana karɓar *-er*: *tall* ya koma *taller*, *long* ya koma *longer*, kamar a *the Niger is longer than the Benue*. Idan kalmar ta riga ta ƙare da e, r kawai za ki ƙara, *large* ya zama *larger*. Mai gaɓa uku ko fiye kuwa sai da *more*: *gold is more expensive than silver*. Babu *expensiver*, babu *beautifuller*.

Wurin da ɗalibai ke zubar da maki shi ne rubutu. Idan gajeriyar kalma ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya a bayansa, ana ninka baƙin: *big* ya zama *bigger*, *thin* ya zama *thinner*, *Sokoto is hotter than Jos*. Amma *cheap* wasula biyu gare shi a jere, don haka *cheaper* ne da p ɗaya. Harafin w ma ba a ninka shi, *slower* da *newer* ake rubutawa. Mai gaɓa biyu da ta ƙare da y kuma, y ɗin yana rikiɗewa ya koma i: *easier*, *happier*, *busier*. Masu duba insha'in WAEC suna da makin da suka ware don tsabtar rubutu, kuma irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke cinye shi kaɗan-kaɗan.

Sauran masu gaɓa biyu yawancinsu *more* suke so, irin su *more careful* da *more famous*. Wasu 'yan kaɗan suna karɓar kowanne, kamar *clever*, *simple*, *quiet* da *narrow*. Sai 'yan tawaye da ba su bin kowace ƙa'ida, dole a haddace su: *good* ya koma *better*, *bad* ya koma *worse*, *far* ya koma *farther* ko *further*, *little* ya koma *less*. Idan kina son ƙara wa *better* ƙarfi, wanda na san shi kika yi niyya ranar, *much better* ko *far better* za ki ce.

Ga kuma abin da zai sanyaya miki rai. Shakespeare da kansa, wanda ya rasu a 1616, yana irin wannan ninkin kwatanci a wasanninsa, ba a kuma ɗauke shi laifi a zamaninsa ba. Daga baya ne masu nahawu irin su Robert Lowth, wanda littafinsa na nahawu ya fito a 1762, suka ce bai dace ba, aka tafi a kan haka. Ban ce ki kai wannan hujja gaban mai duba takardarki ba, zai soke miki ne kawai.

Maganar sunan kuwa, kada ki nuna yana miki zafi. Duk wanda ya kira ki da shi, ki yi murmushi ki ce masa *much better*. Ba za a yi nisa ba zai gundure su. Kuma gobe ki ɗaga hannu.

*

Hajiya, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, da Faransanci na yi boko. Ina sayen kaya a Kano da Legas, kuma ta WhatsApp nake ciniki da wasu da Turanci. Wani abokin hulɗa ya ce *more cheap* da *more big* da nake rubutawa ba daidai ba ne. Gaskiya ne?
Mai karatu daga Maraɗi

Alhaji, gaskiya ya faɗa maka. Faransanci kusan kowace sifa *plus* yake sa mata a gaba, *plus grand* da sauransu, sai hannunka ya saba yana mayar da *plus* ya koma *more*. To kalmomin ciniki a Turanci yawancinsu gajeru ne: *cheaper*, *bigger*, *smaller*, *stronger*, *lighter*, *heavier*. Ka rubuta su a takarda ka ajiye kusa da wayarka. Ka tuna a Faransanci ma ba ka cewa *plus bon*, *meilleur* kake cewa, to haka *better* yake. Idan ka ce *more cheap* za a gane ka, kaya ma za su iso, sai dai wanda Turancinsa ya zauna yakan fi samun kunnen dila wajen neman ragi.

*

Anti, ina gaisuwa. Maigidana ya ce wa baƙinsa *he is senior than me*, ni kuma na ce masa *senior to* ake cewa. Tun daren bai ci abincina ba. Wai ni ce da laifi?
Ƙanwarki daga Kaduna

Ƙanwata, a nahawu ke ce da gaskiya. *Senior*, *junior*, *superior* da *inferior* daga Latin suka zo da kwatancinsu a jiki, *to* suke ɗauka, ba sa ɗaukar *than*. Haka *elder*: ana cewa *my elder brother*, amma *he is older than me*, ba *elder than* ba.

Sai dai a gaban baƙi kika yi gyaran, kuma shi ne abin da ya tsaya masa a wuya, ba harafi biyun nan ba. Ki same shi ku biyu, ki ba shi haƙuri kan wurin da kika yi maganar. Ba sai kin janye gyaran ba, kada kuma ki sake tayar da shi. Ki dafa abin da ya fi so yau da daddare. Idan ya huce ya tambaye ki ƙa'idar da kansa, ki nuna masa wannan shafi.