Kafireton Tsohon Babur: Aikinsa, Cututtukansa da Gyaransa

Gabatarwa

A wajen mafi yawan masu babur, da zarar inji ya ƙi tashi ko ya soma tari, sai a ɗora wa kafireto laifi, a kama murɗa sukurorinsa ba tare da bincike ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kafireto ma'auni ne, kuma ba a taɓa ma'auni sai an tabbata shi ne ya karkace. Misalin da aka ɗauka shi ne irin na Honda CG125, babur ɗin da aka fara ƙerawa a 1975.

Yadda Yake Aiki

Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur. Fetur yana ƙonewa sarai idan an haɗa awo 1 nasa da awo 14.7 na iska bisa nauyi. Sa'ad da fistin ya yi ƙasa, sai ya zuƙo iska ta wani maƙogwaro mai tsukakkiyar tsakiya. A wannan matsatsi iska takan ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga ƙoƙon da ke ƙasa. Abubuwa uku ne ke auna man. Ƙaramin jet shi ke ciyar da inji daga silo zuwa kusan rubu'in totur. Daga nan allura ke karɓa har kashi uku cikin huɗu, sa'an nan babban jet ya ƙarasa.

Gane Cuta

Cutar kafireto ba ta wuce biyu ba: ko mai ya rinjayi iska, ko iska ta rinjayi mai. Babban mai shaida a nan shi ne fulogi. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne, awo ya yi daidai. Idan ya yi baƙi da kunkunniya, salansa kuma tana fid da baƙin hayaƙi, to mai ya yi yawa. Abin zargi a nan shi ne cok da aka manta a rufe, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Idan kuwa fulogi ya yi fari fat, inji yana zafi, to mai ya gaza. Wannan ya fi haɗari, domin yana iya ƙona fistin. Sau da yawa dalilinsa tsagewar robar da ta haɗa kafireto da inji ne, ko kuwa tsohon fetur da ya daskare ya toshe jet. Zubar mai ta ƙasa kuma alama ce cewa ƙaramar allurar da ke tsai da shigar mai cikin ƙoƙo ta cinye, ko datti ya tokare ta.

Gyara da Saiti

Bakanike mai hankali yakan fara tabbatar da cewa fulogi yana ba da wuta, mai yana saukowa daga tanki, matatar iska kuma tana da tsabta. Bayan haka ne zai kwance kafireto, ya wanke shi, ya hura jet da iska. Ba a zura wa jet waya, domin tana faɗaɗa ƙofarsa, awo ya lalace ke nan. In an mayar, sai a bar inji ya ɗau zafi. A murɗa sukurun gauraya a hankali har ya zauna, a warware shi kamar zagaye ɗaya da rabi, sa'an nan a riƙa gusa shi kaɗan-kaɗan har inji ya kai ƙarshen ƙarfin muryarsa. Daga baya a sauko da silo da nasa sukurun.

Wuri ma yana da nasa tasiri. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iskarta ba ta da kauri, don haka babur da aka saita a Sakkwato yakan ɗan cika mai idan ya hau can.

Kammalawa

An ga cewa murɗa sukuru shi ne matakin ƙarshe. Wanda ya fara da shi, alhali matata a toshe take ko roba a tsage, ya ɓoye cutar ne kawai, kuma wata rana kuɗin fistin zai biya a maimakon na roba.