Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Q, jagoran QAnon?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya, shin wane ne ke bayan QAnon ta Amurka?

To, malam, har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba. A watan Oktoban 2017 wani ya fara wallafa saƙonni a shafin 4chan da sunan Q, yana iƙirarin shi babban jami'in gwamnati ne mai sanin sirri. Ya ce Donald Trump na yaƙi a ɓoye da wani gungun manya masu safarar yara, har ya yi hasashen za a kama Hillary Clinton. Ba a kama ta ba, amma mabiya suka yi ta ƙaruwa, wasunsu ma na cikin waɗanda suka kutsa majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021.

Mabiyan sun yi ta zargin cewa Q shi ne Janar Michael Flynn, wasu kuwa John Kennedy ƙarami, wanda ya mutu a haɗarin jirgi tun 1999!

Binciken da ya fi ƙarfi ya fito a 2022. Masana salon rubutu daga Faransa da Suwizalan sun auna saƙonnin da kwamfuta, suka ce Paul Furber, ɗan Afirka ta Kudu, shi ya fara, daga baya Ron Watkins, mai kula da shafin 8chan a lokacin, ya karɓa. Dukansu biyu sun musanta.