Sayen Sabuwar A-Kori-Kura: A Duba Jaki Kafin Akumari

Daga Malamin Gona

Kaka ta yi, amfani ya shigo gida, kuɗi sun fara zama a hannu. A irin wannan lokaci ne manyan manoma da fatake da ƙungiyoyin gama-kai sukan shiga shawarar sayen motar ɗaukar kaya, watau a-kori-kura. Kwanan baya shugaban wata ƙungiyar manoma ya same ni da takardar da aka ba shi a wurin masu sayar da motoci. Ya ce, "Malam, duba mini wannan. Mota ɗaya ce, sunanta ɗaya, amma an rubuta kuɗi iri biyar. Wanne ne na gaskiya?" Na ce masa, "Alhaji, duka na gaskiya ne, sai dai ɗaya ce ta dace da aikinku." Kuɗin da ke hannunsa kuwa gumin mutane da yawa ne na shekaru, ga bashin banki a kai. Saboda haka na ga ya kamata darasinmu na wannan mako ya tsaya a kan wannan magana.

Abin da ya sa kuɗin suka bambanta

Masu ƙera motoci ba su fitar da mota iri ɗaya tak. Ko Toyota Hilux ce, wadda aka fara yi tun 1968, ko Isuzu D-Max, ko Mitsubishi L200, ko Ford Ranger, kowacce hawa-hawa ake yin ta. Akwai ta ƙasa, wadda aka yi domin aiki kurum. Akwai ta tsakiya. Akwai kuma ta sama, wadda dillalai ke kira ful-ofshin, watau an cika ta da kayan jin daɗi. Sau da yawa ƙashin motar ɗaya ne, watau shasi da sifirin, bambancin yana wajen abin da aka ɗora a kai.

Dattawanmu da suka yi zamani da Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, ba su sha wannan wahalar zaɓe ba. A lokacin mutum launi kawai yakan zaɓa. Yau kuwa sai an zauna an yi lissafi.

To, ga dabarar. Wanda ya je kasuwa sayen jaki yakan duba haƙori da ƙafa da gadon baya tukuna. Akumari daga baya ake ɗinka shi, in ya tsufa a sake wani. Haka mota take. Ku kasa abubuwan da ke cikin takardar nan kashi uku: abin da ba ya sakuwa bayan an saya, da abin da ke tsare rai, da abin ado. Kuɗinku su fara zuwa kashi na fari da na biyu. In an sami saura, a waiwayi na uku.

Kashi na fari: abin da ba ya sakuwa

1. Girman kai da girman bodi. Akwai mai ƙofa biyu, mai ɗaukar direba da mutum ɗaya ko biyu. Akwai mai ƙofa huɗu, mai ɗaukar mutum biyar. Ku sani tsawon motar kusan ɗaya ne, saboda haka duk abin da aka ƙara wa kai, daga bodi aka rage shi. Bodin mai ƙofa biyu yakan kai wajen ƙafa 7 da rabi, na mai ƙofa huɗu kuwa wajen ƙafa 5 ne.

Ba wuri kaɗai ake ragewa ba, har da nauyi. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne su ɗauki kusan tan 1, watau kilo 1,000, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da duk wanda ya hau. Buhun takin zamani kilo 50 ne, babban buhun masara kuwa kilo 100. Ga misali. In direba ne da yaron mota kaɗai, a ce nauyinsu kilo 140, saura kilo 860: buhun masara 8 ke nan, ko buhun taki 17. In kuwa mutum biyar suka shiga, a ce kilo 350, saura kilo 650: masara buhu 6, taki buhu 13. Kun ga buhu biyu sun tafi a kowane sawu. Wanda ke jigila daga Saminaka ko Giwa zuwa Dawanau sau biyu a mako, sai ya lissafa abin da wannan zai zama a shekara.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, motar da aka cika da kayan alatu ta fi 'yar'uwarta nauyi tun ba a ɗora mata kome ba, don haka kayan da za ta ɗauka sun ragu. Ku ce a buɗe muku littafin motar, a nuna muku nauyin da aka yarda ta ɗauka. Kada ku dogara da cewar dillali, "Ai tana ɗaukar buhu ashirin." Za ta ɗauka, amma sifirin da birki da taya su za su biya.

Saboda haka in hatsi da taki da kwandunan tumatir ne aikin, mai ƙofa biyu ta fi. In kuwa motar ita ce ta iyali, ita ce ta kai ma'aikata gona, ita ce ta kai mara lafiya asibiti, to mai ƙofa huɗu ta fi, gama ɗora mutane a bayan mota bisa kaya ganganci ne da rai.

2. Mai ja da ƙafa biyu ko mai ja da huɗu. Mota mai ja da ƙafafun baya kaɗai ta fi araha, ta fi sauƙin shan mai, kayan da za su lalace a cikinta kuma ba su da yawa. Mai ja da huɗu, wadda direbobi ke cewa tana da ogzilari, an ƙara mata ƙaramar giya da ke tura ƙarfi zuwa ƙafafun gaba. Za ku ga an rubuta 2H da 4H da 4L. Na farko na kwalta ne, na biyu na burji mai santsi da rairayi, na uku na taɓo da gangare da hawa mai tsanani, inda ake so mota ta yi rarrafe da ƙarfi. A yawancinsu ba a barin mota a 4H ko 4L bisa busasshiyar kwalta, don yin haka yana cin taya, yana kuma wahalar da giya.

Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: ina motar za ta shiga a watan Agusta? Ba hanyar rani za ku duba ba, gama da rani kowace mota jaruma ce. In gonarku tana fadama, ko ƙauyenku sai an ƙetare rafi, ko kuna ƙasar rairayi kamar arewacin Jigawa da Yobe da wajen Damagaram, to ku biya kuɗin mai ja da huɗu ko da za ku haƙura da duk wani abin ado. Takin da ya kwana uku a laka lokacin da masara ke nemansa, ko tumatir da ya ruɓe a hanya, hasararsa ta fi wannan ƙari. In kuwa daga kasuwa zuwa kasuwa ne bisa kwalta, kada ku sayi abin da ba za ku taɓa murɗawa ba.

Akwai kuma wani maɓalli da akan sa wa waɗansu, mai kulle ƙafafun baya su juya tare. Amfaninsa shi ne, in ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo tana ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan tudu sai ta fitar da motar. Ga mai shiga fadama, wannan ya fi kujerar fata amfani nesa ba kusa ba.

3. Inji: fetur ko dizal. Hilux, alal misali, ana samunta da injin fetur mai lita 2.7, da na dizal mai lita 2.4 ko 2.8. Dizal, wanda direbobi ke ce wa gas, ya fi ƙarfin jan kaya tun inji bai yi ƙara ba, kuma lita ɗaya ta fi nisan tafiya. Amma fa injin dizal na zamani ba irin na tsofaffin manyan motoci ba ne. Yana fesa mai ta kafofi ƙanana ƙwarai da matsi mai tsanani, ba ya jure wa man da aka gauraya, ko mai ruwa, ko mai datti. In nozul da famfo suka lalace, gyaransu kuɗi ne masu yawa, kuma ba kowane gari ake samun mai yinsa ba. Injin fetur ya fi shan mai, amma makanikan karkara sun fi saninsa.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama babban abu a lissafin kowane mai mota. Ku tambayi kuɗin lita na kowanne a garinku, ku kimanta tafiyarku ta shekara, sa'an nan ku je wurin makaniken da zai riƙa duba motar ku ji wanne ya iya. In kun zaɓi dizal, ku tabbata akwai matatar da ke raba ruwa da mai, ku kuma tsaya ga gidan mai guda da kuka amince da shi.

4. Giya. Giyar hannu ta fi araha, gyaran kulocinta kuma sananne ne ko'ina. Otomatik tana da daɗi a cunkoson birni, amma ba a tayar da ita da turi in batir ya mutu a daji, gyaranta kuma sai gwani. Motar da direbobi dabam-dabam za su riƙa karɓa, ta kuma yi nesa da birni, giyar hannu ta fi mata.

Kashi na biyu: abin da ke tsare rai

A nan ba a tsumulmula. Ku tabbata motar tana da birkin nan da ake kira ABS, wanda ke hana taya daskarewa in an taka birki da ƙarfi, har direba ya iya karkatar da sitiyari ya kauce wa saniya ko rami. Ku tabbata akwai jakar iska ta direba da ta na kusa da shi, da bel na kowace kujera. In akwai na'urar da ke hana mota juyawa a kan santsi, ita ma abin so ce, gama a-kori-kura in babu kaya bayanta ba shi da nauyi, saurin zamewa gare shi. In ta ƙasa ba ta da waɗannan, ta tsakiya tana da su, to ku hau ta tsakiya. Rigakafi ya fi magani.

Na'urar sanyaya mota ma ba zan sa ta cikin ado ba. Direban da ya wuni cikin zafin watan Afrilu, ko ya sha ƙurar hunturu da gilashi a buɗe, gajiya takan kama shi da wuri, gajiya kuwa ita ke kawo gyangyaɗi.

Kashi na uku: ado da abin da za a iya ƙarawa

Kujerun fata, da babban allo a gaban direba, da ƙarfe mai walƙiya, da fitilu masu ƙawa, da mabuɗin da ba a murɗawa, duk ba su ƙara buhu ɗaya a bodi. Waɗansu ma hasara suke jawowa. Wilin ado mai inci 18 yana zuwa da taya mai gajeren gefe, wadda dutse ke saurin fasawa, ga tsada, ga wuyar samu a ƙauye. Wilin ƙarfe mai inci 16 ko 17 kuwa in ya lanƙwashe a rami ana iya buga shi ya miƙe, alhali na ado tsagewa yakan yi. Shimfiɗar roba a ƙasan mota ana wanke ta da bokitin ruwa, darduma kuwa ta sha laka sai wari.

Abin da ya kamata a ƙara shi ne shimfiɗar bodi, ta roba ko ta katako, domin takin zamani gishiri ne, yana cin ƙarfe in ya sami laima. Sai tamfol mai kyau da igiya, da ƙarfen da ke tsakanin kai da bodi don kada kaya su fasa gilashin baya. Kejin ɗaukar dabbobi ko kwanduna, mai walda na garinku zai yi muku. Amma ku tambayi kamfanin tukuna irin ƙarin da ba zai ɓata garanti ba, musamman abin da ya shafi wayoyin wuta da sifirin. Ku tuna kuma nauyin kejin yana cikin kilo 1,000 ɗin nan.

Ranar biyan kuɗi

Kada ku tafi ku kaɗai. Ku tafi da makanike da wanda ya iya karatu sosai. Ku tambaya ko motar an yi ta ne domin ƙasashenmu. Wadda aka yi domin Turai tana da na'urorin tace hayaƙi masu bukatar dizal mai tsabta ƙwarai, har waɗansu sai an riƙa zuba musu wani ruwa na musamman. Sitiyari ya zama a hagu, gama tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Ku gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da abin da ke cikin rasit da takardar kwastan. Ku duba gefen taya: akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ku ga safaya da jak da sifana da idonku. A rubuta muku garanti, shekara nawa ko kilomita nawa, da garin da za ku riƙa kai ta sabis. Gani ya kori ji.

Shi Alhajin da na ba ku labari, da muka zauna muka lissafa buhunansu da hanyar ƙauyensu, mai ƙofa biyu suka ɗauka, mai ja da huɗu, mai giyar hannu da wilin ƙarfe. Abin da ya ragu daga kuɗin ful-ofshin suka ajiye domin inshora da mai da tayoyin baɗi. Waɗansu 'yan ƙungiya sun yi gunaguni, wai motar ba ta da kwarjini. Ya ce musu su bari damina ta faɗi tukuna.

Kafin ku je wurin dillali, ku rubuta amsar tambayoyi huɗu a takarda: Me za ta ɗauka? Wa za ta ɗauka? Wace hanya za ta bi da damina? Wa zai gyara ta? Duk abin da aka nuna muku wanda bai amsa ɗaya daga cikinsu ba, akumari ne, yana iya jira. Allah ya sa a saya a sa'a, ya tsare hanya, amin.