Yadda Makarantun Ontariyo Ke Tunkarar Mummunan Borin Jini a Ƙarƙashin Dokar Sabrina

Akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da gyaɗa, madara, ƙwai, kifi ko harbin ƙudan zuma. Idan abin ya yi tsanani, wato abin da likitoci ke kira anafilaksis, maƙogwaro kan kumbura, numfashi ya sarƙe, hawan jini ya faɗi cikin 'yan mintoci. Irin haka ta faru a 2003 da wata yarinya mai suna Sabrina, mai shekara 13, a garin Pembroke na lardin Ontariyo a Kanada, bayan ta ci soyayyen dankali da ya gurɓata da cuku a makaranta. Ta rasu. Da sunanta majalisar lardin ta zartar da Dokar Sabrina a 2005, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2006.

Aikin yana somawa ne daga hukumar ilimi, wadda dole ta tsara manufa kan rage haɗarin a aji da wurin cin abinci, da horar da ma'aikata a kai a kai. Daga nan sai ya sauko kan shugaban makaranta. Tun wurin rajista ake neman iyaye su bayyana abin da jikin ɗansu ba ya jituwa da shi, sannan a rubuta masa tsari nasa na kansa: abin da ke tayar masa da ciwon, alamominsa, inda aka ajiye allurarsa ta gaggawa, da wanda za a kira. Ana buɗe masa fayil tare da takardar likita.

Ranar da ciwon ya taso, ba a jira. Malamin da ya ga kumburin leɓe, ƙuraje masu ƙaiƙayi, amai, tari ko jiri, zai ɗauko allurar adirenalin mai siffar alƙalami, irin su EpiPen, ya danna ta a gefen cinya ta waje, ko da ta saman wando ne. Sai a kira lambar gaggawa ta 911. Ana kwantar da yaron, ba a barinsa ya tashi ya yi tafiya. Idan numfashi ke ba shi wahala, a zaunar da shi. In bayan minti biyar bai samu sauƙi ba, ana iya ƙara allura ta biyu. Ko ya warware, asibiti za a kai shi, domin ciwon kan dawo bayan sa'o'i.

Gaɓar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ta cire wa malami fargaba. Dokar ta ba ma'aikaci damar yin allurar ko babu izinin iyaye a rubuce, muddin yana da dalilin zaton anafilaksis ne, kuma ba za a kai shi ƙara neman diyya ba kan abin da ya yi da kyakkyawar niyya, sai dai in ya yi mummunan sakaci.