Aikatau Mai 'Yar Rakiya a Nahawun Turanci

'Yan makaranta, a takardar Turanci ta hukumar WAEC akwai sashen da ake ba ɗalibi jimla, a ce ya zaɓi kalmar da ta fi kusa da ma'anar wadda aka ja wa layi. A nan ne yaranmu da yawa suke zubar da maki, kuma mun san ba a shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba tare da kiredit a Turanci ba. Daga cikin abubuwan da ke kayar da su akwai *phrasal verbs*, wato aikatau da aka haɗa shi da 'yar ƙaramar kalma kamar *up*, *off*, *out* ko *after*.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mu duba kalmar "ci". Muna cewa cin tuwo, cin kasuwa, cin jarrabawa, cin amana. Ba wanda ya taɓa tauna amana, amma kowa ya gane abin da ake nufi. Haka Turanci yake. *Put* shi ne ajiyewa, amma *put off* ɗage abu ne zuwa wani lokaci, *put out* kashe wuta, *put up with* kuwa haƙuri da abin da ba a so.

Ga misalai daga gida. Idan motar tumatir ta lalace tsakanin Ikara da Zariya, sai mu ce *The lorry broke down*. Idan manomin rake a Makarfi ya ƙi tayin dillali, *He turned down the offer*. Yarinyar da ke kula da ƙannenta a Kudan, *She looks after them*. Idan nemansu take yi, *She looks for them*. Kalma ɗaya ta sauya, ma'ana ta sauya.

Akwai ƙa'idar da ya kamata mu riƙe. A irin su *put off* da *turn down*, wakilin suna a tsakiya yake zama: *put it off*, ba *put off it* ba. Amma *look after* ba ya rabuwa.

Saboda haka kada mu fassara su kalma-kalma. Mu ɗauki kowanne a matsayin kalma guda, mu duba shi a ƙamus, mu rubuta shi a littafinmu tare da jimlar da muka shirya da kanmu. Biyar a mako sun isa. A zango mai mako 12 mun sami 60 ke nan. Ubangiji ya sa albarka a karatunmu, amin.